Wa Ake Yi Wa Dariyar?

Duk wanda ya halarci dinar biki a ɗakunan taron Suleja cikin 'yan shekarun nan ya san yadda abin yake tafiya. Kafin a kai ga liƙi, emsi zai miƙa makirufo ga wani matashi da aka ɗauko, galibi daga Abuja, wai ɗan kwamedi. Zai fara da turancin buroka, ya juyo Hausa, sannan ya baza ido cikin jama'a yana neman wanda zai kama: wata baiwar Allah mai jiki, ko dattijo mai giɓi, ko ƙawar amarya da aure bai zo mata ba tukuna. A kwashe da dariya, wayoyi na ɗauka, gobe ga ta a TikTok.

Dattawan unguwarmu in an taɓo zancen sai su girgiza kai, su ce ina Samanja, ina Karkuzu, ina Kasimu Yero na Karambana. Muna tare da su. Amma dalilin da suke kawowa, wai a da babu batsa a wasa, ba mu karɓe shi duka ba. Ai 'yan gambara ba jiya aka yi su ba, kuma abin da suke faɗa a bakin kasuwa da tasha wannan mujalla ba za ta iya bugawa ba. 'Yan kama kuwa malamai suke kwaikwayo, su mai da karatu zancen tuwo da miya. Bambancin yana wani wuri, wurin wanda ake yi wa dariyar.

A ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a nan jiharmu aka haife shi, a Kagara, cikin 1911. Littafin ya fito a 1934, kuma har gobe ɗalibi na karanta shi yana ƙyalƙyatawa shi kaɗai. Alhaji Imam ya yi wa Malam Zurƙe ɗan Muhamman ƙeta, can gaba Zurƙe ya rama, haka suka yi ta yi gari bayan gari. Kowa da ranarsa. Abin da ake wa dariya kwaɗayi ne da wayon da ya wuce gona da iri, kuma sai an gina labari, an yi wa mai karatu shimfiɗa, kafin dariyar ta zo. Wannan aiki ne na zama da alƙalami. Shi ya sa in an tashi ba wa wani labarin, daga farko ake ɗaukowa.

Samanja ma haka. Marigayi Usman Baba Pategi, da ya rasu a Nuwamban 2023, Banufe ne kuma tsohon soja. Hausar bariki da yake yi a rediyo da talabijin na Kaduna ba ta wani ya ara don ya muzanta shi ba, tasa ce, a cikinta ya rayu. Sannan wa yake tsokana? Mai kaki, mai ba da oda, mai tsawa a fareti da a gida, a zamanin da soja ke riƙe da ƙasa. Sojojin kansu suna kallo suna dariya, don sun ga halinsu.

To wannan shi ne ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu zuwa muka yi, daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, muka tarar da Zagezagin Suleja da Gwarawa da Koro, ga kuma Yarabawa da Ibo da muke buɗe shago ƙofa da ƙofa da su a kasuwar IBB. Muna da wasanmu na gado. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafillace ya tsokani Babarbare, kuma ƙa'idar ɗaya ce: wanda ka taɓa yana da bakin ramawa nan take, a tashi ana tafawa. Amma yaro ya hau dandamali, makirufo a hannunsa shi kaɗai, ya shafe minti goma yana kwaikwayon Hausar Bagware, alhali ga maƙwabcinmu Bagware da aka ba kati yana zaune da matarsa a tebur na uku. Da me zai rama? Murmushi zai yi, ya ci shinkafarsa, ya tafi gida. Gobe mu ne za mu haɗu da shi a bakin rijiyar burtsatse, ɗan kwamedi kuwa ya karɓi kuɗinsa ya bi hanyar Zuba.

Ba a kan yaran nan aka fara ba, gaskiya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, shi ma ya sha kwaikwayon harshen wasu ƙabilu a finafinansa. Sai dai Ibro yakan mai da kansa wawan labarin, a ƙarshe shi ke shan duka ko kunya. Na yanzu tsabtsab yake fita cikin kwat ɗinsa, wani ke kwasar kunyar.

Kada kuma a ce ba su da komai. Suna da saurin baki, kuma wasunsu na da ƙarfin halin taɓa manya. A 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan jihar na lokacin, kuma tun daga nan ba mu yi mamaki ba in yaro ya ga ya fi sauƙi ya tsokani ƙawar amarya da ya tsokani mai mulki. Shirin Gidan Badamasi na Arewa24 kuma ya nuna har yanzu ana iya zama a rubuta barkwanci: tsoho mai dukiya da maƙo, 'ya'ya rututu kowa na lissafin gado. Ana kallonsa da suruka a ɗaki ba wanda ya sunkuyar da kai.

Wanda ke biyan ɗan kwamedi dai uban ango ne ko yayan amarya, wato mu. Kamar yadda ake gaya wa mai abinci yawan faranti, ana iya gaya masa tun a waya cewa a cikin baƙinmu akwai maƙwabta da surukai, ya zo da labarin da ya shirya daga gida. Wanda ya ce shi ba ya shiri, sai abin da ya gani a ɗaki, to a bar wa emsi makirufonsa.