Littattafan Kasada: Wanne Za a Miƙa wa Yaron Anka?

Yau filin namu ya ajiye ƙwallo da dambe ya ɗauki littafi. Gaisuwa ta musamman ga iyaye da malaman makaranta na Anka da Gummi da Bukkuyum, domin maganar ta 'ya'yanku ce, 'yan shekara 10 zuwa 15, waɗanda suka wuce tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi amma ba su kai ga littattafan soyayya ba. Yaro a wannan shekaru tafiya yake so. Yana son jarumi ya bar gida, ya shiga daji, ya gamu da aljani, ya dawo da abin da ya fita nema.

Mai tasowa daga Gummi ko Anka, in ya kai Daki Takwas ya karya kudu ta Zuru, hanyar Kwantagora za ta kai shi. To daga Kwantagoran nan manyan labaran kasada biyu na farko a Hausar boko suka tashi. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Cikin waɗanda suka yi nasara har da wa da ƙane, mutanen Kagara: Malam Bello Kagara da Ganɗoki, da Abubakar Imam da Ruwan Bagaja. Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina.

Ruwan Bagaja shi zan fara miƙa wa yaro, kuma shi zan fi daɗewa a kai. Jarumin littafin, Alhaji Imam, ya bar gida ne don an kunyata limamin garinsu a fada, bayan ya ce akwai wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki aka yi masa dariya. Alhaji ya ɗau alkawarin sai ya kawo ruwan. Ku dubi dalilin tafiyar: ba ganima ya fita nema ba, ba sarauta ba. Magani ya fita nema, da wanke mutuncin tsoho. Shekara 15 ya yi yana yawo, kuma duk wannan yawo ba da ƙarfin damtse ya tsira ba, da wayo ne da kaifin baki. Sannan ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin hamayyar da ba a gajiya da shi. Yau Zurƙe ya jefa Alhaji cikin masifa, gobe Alhaji ya rama, jibi su haɗu a wani gari kowa ya sake kama. Malamin da ya taɓa karanta wa aji wannan littafi a bayyane ya san inda ake samun matsala: da an ambaci Zurƙe sai aji ya ɓarke da dariya tun kafin a ji abin da ya ƙulla, na bayan aji su miƙe tsaye, wanda ba ya iya haɗa baƙi ya ce a ba shi shi ma ya gwada layi ɗaya. Imam ya sha daga Makamatul Hariri da Dare Dubu da Ɗaya, amma Hausar tasa ta kasuwa ce da zaure, jimla gajera, magana tana bin magana.

Yana da aibi. Wasu daga cikin wayon Alhaji zalunci ne tsagwaronsa, ana cutar wanda bai ji ba bai gani ba a wuce ana dariya. Ban ce a ɓoye wa yaro wannan ba. A tsaya a wurin a tambaye shi: wannan da Alhaji ya yi, daidai ne? Za ku sha mamakin amsar da ɗan aji shida zai bayar.

Ganɗoki wani abu ne daban. Rabinsa na farko tarihi ne, yaƙin Nasara da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, har zuwa Burmi a 1903. A rabi na biyu kuma Ganɗoki ya tsallaka gabas, shi da ɗansa Garba Gagare, cikin aljanu da dodanni. Kirarinsa yana tada tsikar jiki, amma takobi ya yi yawa, kuma harshen ya fi nauyi. Na 'yan sakandare ne.

Ga ƙanana, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, 1951. Asalin labarin na Rasha ne, na wani gwarzo Ilya Muromets, amma ya zauna a bakin Hausawa har dokinsa Kwalele ya shiga maganar yau da kullum. Abin da ke kama zuciya shi ne farkonsa: Iliya ya tashi gurgu, yana zaune ana fita gona a bar shi, kafin Allah Ya kawo masa lafiya da ƙarfi. Duk gidan da ke da yaro mai lalura ya nemi wannan littafi. Sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da mutanen Amurka suka sauka a kan wata. Yaro Kilba ya bi baƙonsa Ƙolin Ƙoliyo zuwa sararin samaniya. Tafiyar labarin tana da ɗan sanyi a tsakiya, amma shi ne ke sa yaro ya ɗaga kai da dare ya yi tambaya.

Yanzu abin da yaranmu suka fi samu a zahiri. Littattafan yaƙi ne na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, kashi-kashi, kowane kashi ya yanke daidai lokacin da sadauki ya zare takobi. Yawanci ma ba takardar suke gani ba. A shagon cajin waya ake tura musu karatun a memori, su taru su biyar shida a dakali su kewaye waya ɗaya. Ba na raina waɗannan littattafai. Sun riƙe masu karatu da yawa da makaranta ta kasa riƙewa, kuma marubutansu sun iya sa mutum ya ƙagu ya ji ci gaba. Damuwata ita ce yawan gawa. Sadauki ya ratsa runduna, kawuna na zuba, ba a tsaya an ce wane ne ya mutu ko wa ya bari ba. Yaron Kano yana iya jin wannan a matsayin almara. Yaron da ya kwana a daji don 'yan bindiga sun shigo ƙauyensu, ko yake zaune a sansanin gudun hijira a Anka, ya riga ya san yadda mai makami yake. Abin da ya kamata labari ya nuna masa shi ne marar makami yana cin nasara. Shi ya sa na sa Alhaji Imam gaba da Ganɗoki.

Kuma takarda tana da ranarta. A 2021, bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu, da sace wasu ɗalibai a Maradun cikin Satumba, an rufe makarantu, an kuma datse layukan waya a jihar Zamfara. Gidan da ke da tsohon kwafin Magana Jari Ce a cikin adaka bai rasa abin karatu ba.

Wani gibi da duk littattafan nan suka bari shi ne yarinya. Ko dai gimbiya ce da ake ceto, ko lada ce da ake ba jarumi a ƙarshe. Abin ya fi ciwo a Zamfara, ƙasar da labarin baka ya riƙe sunan sarauniya 'Yargoje. Marubutanmu na Gusau da Talata Mafara da Gummi, kayan aiki yana gabanku. Ga faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Babari Sarkin Gobir a ƙarni na 18, da yadda gidan sarauta ya yi ta ƙaura gari zuwa gari kafin ya zauna a Anka: ɗan sarki ɗan shekara 12 a cikin wannan ayari labari ne cikakke. Ga dutsen Kwatarkwashi da mikiyoyinsa. Ga gulbin Ka da gulbin Zamfara da damina. Ga kuma zinari. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Yaran da suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata. Labarin wata yarinya daga Bukkuyum da ta fita neman maganin ƙanenta, ta bi rami ta tarar da masu gadin zinari a ƙarƙashin ƙasa, ƙannensu za su karanta shi ba tare da an tilasta musu ba.

Malamai, wanda duk ya gwada karanta wa ajinsa babi ɗaya na Ruwan Bagaja a wannan mako, ya aiko mana da abin da yaran suka ce game da Zurƙe, za mu karanta a shiri na gaba.