Kafinta Ya Ƙera Makankarinsa da Hannunsa

Wata ɗabi'a na yaɗuwa tsakanin masu aikin katako a Ingila da Amurka: maimakon sayen makankarin katako haɗaɗɗe, sai mutum ya sayi sassansa ya haɗa da kansa. Samfurin da suka fi so shi ne wanda Stewart Spiers na garin Ayr ya yi suna da shi a ƙarni na 19, wanda gidan Norris na Landan ya ƙara wa abin daidaita wuƙa a 1913: gindi na ƙarfe, gefuna na tagulla, ciki cike da itace mai nauyi. Mai haɗawa zai sarƙa haƙoran gefunan da na gindin, ya yi ta bugu da guduma har tagullar ta cike kowane gibi, sannan ya bi da magagari har mahaɗar ta shafe. A ganina wannan wahala ce mai riba, domin sana'ar da masu ita ba su san sirrin kayan aikinsu ba tana kan hanyar mutuwa.

Gundumar Liwan a birnin Guangzhou na ƙasar Sin hujja ce. A can ne zauren zuriyar Chen yake, wanda aka kammala a 1894, ƙofofinsa cike da sassaƙa mai ban mamaki, ga kuma tsofaffin gidajen Xiguan masu ƙofar sandunan katako da ake turawa gefe. Kafintocin Sin na da bisa al'ada su ne ke sassaƙa makankarinsu daga itace mai ƙarfi, su sa masa mariƙi a gicciye, su tura shi da hannu biyu. A titin Enning kuma har yau akwai maƙeran da ke bugun tukwane da butocin jan ƙarfe da guduma. An gyara unguwar Yongqingfang da ke can ta yi kyau, amma gyaran gini ba ya ɗorewa sai da hannun da ya san yadda ake saita bakin wuƙa ta aske itace mai gardama ba tare da ta yage shi ba. Wanda ya haɗa makankarinsa ya san wannan, don shi ya daidaita ɗan tsagin da aski ke fitowa.

Wani zai ce na masana'anta ya fi arha. Haka ne, kuma kafintan da ke neman na abinci ba laifi ya saya. Sai dai ranar da makankarin ya karkace, wanda ya taɓa haɗawa ne kaɗai zai gane ciwon ya gyara. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na itacen da ake cika cikin makankarin da shi. Kasuwar kujerun alfarma ta Sin ta cinye madobiyar Afirka ta Yamma, har yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta taƙaita cinikinta daga 2017. Amma makankari guntu kawai yake buƙata, ragowar da ake zubarwa a shago ta isa, kuma ƙirya da maɗaci suna da ƙarfin da ake nema.

Saboda haka bai kamata mu bar wa Turawa wannan ɗabi'a ba. Kano da Zariya suna da maƙera, suna da kafintoci. Makarantun koyon sana'a su haɗa su a aiki ɗaya, kowane ɗalibi ya fita da makankarin da ya ƙera, ya san gyaransa kuma ya iya koya wa na baya.