Bashi a Matsayin Maganin Talauci: Tsokaci a kan Littafin Muhammad Yunus

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala za ta yi tsokaci ne a kan littafin Banker to the Poor na Muhammad Yunus, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Bangaladash. Manufarta ita ce auna hujjar marubucin cewa ƙaramin rance na fitar da talaka daga ƙangin talauci.

2.0 Jigon Littafin

Marubucin ya bayyana yadda a shekarar 1976 ya ranta wa mutane 42 na ƙauyen Jobra kuɗi dala 27, abin da ya haifar da Bankin Grameen a 1983. Tsarin bankin shi ne a ba da rance ba tare da jingina ba ga rukunin mutum biyar, galibinsu mata, su riƙa biya mako-mako. Littafin ya yi nasarar rushe tunanin cewa talaka ba ya biyan bashi, kuma wannan aiki ne ya jawo wa Yunus da bankin lambar Nobel a 2006.

3.0 Raunin Hujjar

Sai dai kuma marubucin ya dogara ƙwarai ga yawan masu biyan bashi a matsayin shaidar nasara. Wannan ma'auni ne na lafiyar banki, domin mace na iya sayar da akuyarta ta biya don gudun kunya a gaban 'yan rukuninta. Goetz da Sen Gupta (1996) sun gano cewa yawancin matan da suka bincika ba su da cikakken iko da kuɗin, domin mazan gida ne ke juya su. Haka kuma, bincike shida da aka buga a 2015, a ƙasashen Bosniya da Habasha da Indiya da Meksiko da Mongoliya da Maroko, sun nuna cewa sana'o'i sun ɗan bunƙasa, amma kuɗin shigar gidaje bai ƙaru a zo a gani ba.

4.0 Kammalawa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Yunus ya tabbatar da cewa talaka ma ya cancanci a ranta masa. Abin da bai tabbatar ba shi ne rancen ya wadatar. Don haka ya kamata ƙungiyoyin sa-kai masu koyi da wannan tsari su riƙa auna abin da ya rage a hannun mace bayan ta gama biya.