Haske ya fito, amma wa ya gani?

Ƴan'uwa masu karatu, ku zo mu duba aikin jaridun ƙasarmu daga 1990 zuwa 1999.

A da, jaridar gwamnati, Le Sahel, ita ke ba da labari. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. A shekarar nan Ibrahim Cheick Diop ya kafa jarida mai zaman kanta, Haske. A 1991 Maman Abou ya fito da Le Républicain. Lokacin babban taron ƙasa na 1991, jaridun nan sun faɗi abin da a da ake tsoron faɗi. Sun cancanci yabo.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Sunan Haske Hausa ne, cikinta kuwa Faransanci. A Yamai ake buga su, kuma zancen ƴan siyasa ya fi yawa. A Janairu 1994 aka rage darajar sefa da rabi, taki da magani suka yi tsada. Manomin Agye da Gazawa da Gidan Runji ya ji a jikinsa, amma an rubuta dalilin cikin harshen da bai iya karantawa ba. Sai dai ya kasa kunne ga rediyo. Maganar rediyo kuwa iska ke kwashe ta, takarda ita ake ajewa a sake dubawa.

Tun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya ta nuna Hausa na iya ɗaukar labarin duniya. To, ga shi kun iya karatu. Ku nemi jarida cikin harshenku, ku kuma rubuto labarin garinku: kuɗin hatsi, rijiya, haraji.