Aikin da Bango Ke Ɓoyewa

A ƙasar Finland akwai ƙananan gidajen hutu kusan rabin miliyan, galibi na katako, a bakin tafki ko cikin daji. Da yawa ba su da famfo ma, guga ake ja. Amma wanda aka kira ya sa wa irin wannan gida ruwa, da hunturu yake kokawa tun ranar da ya ɗauki awo, don mai gida zai kulle ya tafi, ya bar ɗakin cikin sanyin da kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili.

Duk wanda ya taɓa manta kwalbar lemo a firiza ya san abin da ake tsoro. Ruwa in ya daskare yakan ƙaru da kusan kaso 9 cikin 100, bututu kuwa sai dai ya tsage. Shi ya sa gwani ba ya bi da bututu ta ɓangaren bangon da ke kallon waje, ko da nan ne hanya mafi kusa.

Tsakanin katakan bango ana jera audugar dutse, irin wadda kamfanin Rockwool na Denmark ke yi: a narka dutse, a kaɗa shi ya zama zare. Sabon shiga yakan danna ta da ƙarfi, a zatonsa yawa ne ke maganin sanyi. Ina! Iskar da ke maƙale tsakanin zaren ita ce ke riƙe ɗumi, in ka matse ta ka kore ta. Gwani sai ya ɗauki wuƙa mai haƙora, ya yanka da ɗan ƙari kaɗan a kan awon, ya sa tafin hannu ya lallaɓa ta, ta zauna daram ba rami ba kumburi.

Daga nan sai leda, ta cikin ɗaki, a liƙe kowace mahaɗa. Numfashi da tururin girki in sun ratsa bango suka tarar da sanyi, ruwa suke komawa, katako ya yi ta ruɓa ba wanda ya sani. A ganina nan ake gane mai hankali: maimakon ya huda ledar, sai ya kafa siraran katakai a kanta, ya bar sarari na 'yan santimita, bututu da waya su bi ta nan cikin ɗumi.

Bututun ƙazanta kuma gangara yake so, kamar santimita 2 a kowace mita. Kafin a rufe bango, sai an matsa wa bututan ruwa ƙarfi, a zuba wa agogon awo ido. In allura ta sauka, akwai yoyo.

Hatta bututan ruwan sha da ɗan karkata gwani yake shimfiɗa su, duk su nufi makunni ɗaya a can ƙasa. Sanyi na gabatowa mai gida ya buɗe shi, ruwa ya tsiyaye tas, ya zuba maganin daskarewa a lanƙwasar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, don ita kullum da ruwa take kwana.