Duba Ɗakunan Shan Magani a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Sharhi kan Ma'aunin Inganci

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi nazarin ma'aunin da ake auna ingancin ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani da shi a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina. Ra'ayinmu shi ne, ma'aunin ya fi karkata ga ƙirga gini da kayan aiki, alhali abin da ya dami majinyaci shi ne irin kulawar da ya samu bayan ya shiga ɗakin.

2.0 Dokoki da hukumomi

Ba dokoki muka rasa ba. Tun daga taron Alma-Ata na 1978 aka yarda cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 a kan wannan turba. A 1992 aka kafa hukumar raya kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa. Daɗin daɗawa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowace cibiyar lafiya mallakar takardar shaidar cika ƙa'ida, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na tushe.

3.0 Inda ma'aunin ya gaza

A 1966 masani Avedis Donabedian ya kasa ingancin jinya gida uku, watau kayan aiki, da yadda ake gudanar da aikin, da sakamakonsa. In muka ɗora dubawar da aka saba a kan wannan sikeli, za mu ga ta fi tsayawa a kaso na farko, domin shi ne mai sauƙin rubutawa. Mai dubawa zai ƙirga gadaje, ya leƙa firjin allurar rigakafi, ya sa hannu a rajista. To, amma wa zai tambaya ko an auna hawan jinin mai ciki? Ko an gwada jinin yaro kafin a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro? Ko ungozoma ta san lokacin da ya kamata ta tura mai naƙuda babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa?

Aibi na biyu ya shafi wurin da kansa. Ma'aunin ya ɗauka mai dubawa zai iya isa ko'ina, ya kuma dawo lafiya. Wanda ya tuna sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da katse layukan wayar salula a waɗannan ƙananan hukumomi uku a watan Satumba na 2021, ya san ba haka al'amarin yake ba. Rashin tsaro ya kori ma'aikata daga ƙauyuka da dama. Saboda haka rahoton da aka tattara a bakin kwalta hoton gari ne, mutanen daji ba sa cikinsa. Inda malamin asibiti ya tashi kuwa, mai kemis ne ke maye gurbinsa, yana allura da ƙarin ruwa, aikin da lasisinsa bai ba shi izni ba.

Aibi na uku shi ne, ba a cika sanar da jama'a sakamakon dubawa ba. A Ingila, hukumar da ke duba asibitocin likitocin unguwa takan ba kowane daraja ɗaya daga cikin huɗu, ta kuma buga rahoton kowa ya karanta. Ba muna cewa a kwaikwayi Ingila ido rufe ba, sai dai darasin a fili yake: dubawar da talaka bai ji labarinta ba, ba ta tsorata mai sakaci. Dattawanmu suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda ake shakkarsa domin kowa yana ganin aikinsa.

4.0 Shawarwari da kammalawa

Muna ba da shawara uku. Ta farko, a sa tambayoyin aiki da na sakamako a takardar dubawa. Ta biyu, a horar da kwamitocin raya mazaɓu, tare da dagatai da limamai da mata, su riƙa kai rahoton wata-wata daga wuraren da jami'i ba ya iya zuwa, a kuma rubuta sunan duk cibiyar da ba a duba ba, maimakon a yi shiru a kanta. Ta uku, a liƙa sakamakon da Hausa, boko da ajami, a ƙofar kowace cibiya.

Ba mu yi wannan suka don rage darajar ma'aikatan da suka tsaya bakin aiki cikin haɗari ba. Hausawa dai sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.