Masu Awon Kilobayit 16

A cikin Linux, duk shirin da ya nemi wata hidima a wajen kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya kwamfutar, ana ba shi ɗan fili a ƙwaƙwalwa da ake kira sitak. Duk aikin da ya kira wani aikin sai ya ajiye kayansa a nan, na gaba ya ɗora nasa, ba a sauke su sai an dawo. Don aikin kansa, shirin gama-gari yakan samu megabayit 8. Kanel kuwa, a kwamfutocin x86-64, kilobayit 16 kacal, kuma filin ba ya ƙaruwa. A da, in ya cika ya tumbatsa, sai ya taka bayanan maƙwabci, ɓarnar kuma ta bayyana can wani wuri daban.

Gwani ba ya yin kirdado. Tun kafin ya kunna na'ura yana sauraron gargaɗin manhajar harhaɗawa, wadda ke ƙorafi idan aiki guda ya ci sama da bayit 2048. Sannan ya saki wani ɗan shiri mai suna checkstack.pl, ya bi kanel ɗin da aka harhaɗa, ya jero masu cin fili daga babba zuwa ƙarami. Malalaci nan yake tsayawa, tunda babu aikin da ya wuce gona da iri. To amma abin da ke kisa shi ne zurfin kiraye-kiraye: ƙananan ayyuka arba'in, kowanne da ɗan kayansa, a kan juna.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce mafi sauƙi. Ana share filin ya zama sifili zalla kafin shirin ya fara. Idan ya gama, sai a ƙirgo daga ƙarshe, sifili nawa ba a taɓa ba. Kamar shatin da ruwa ke bari a jikin rijiya ne, ko ya janye ka san inda ya kai. Kanel ya rubuta bayit nawa suka rage.

Wannan yana faɗin zurfi, ba ya faɗin mai laifi. Sai a ɗauko ftrace, kayan bin sawun ayyukan kanel. Shi yana leƙa sitak duk lokacin da aka shiga aiki, in ya ga zurfin da ya zarce na baya, ya rubuta jerin gaba ɗaya da kason kowa. Amma fa sai ka matsa wa na'urar lamba, ƙwaƙwalwa ta cika, faifai ya sha rubutu, don hanyoyi masu zurfi ba sa fitowa a zaman lafiya. Irin wannan hujja wani mai aikin kanel, Minchan Kim, ya kawo a 2014, lokacin filin yana kilobayit 8, jagoran Linux, Linus Torvalds, ya amince aka ninka shi a Linux 3.15.

A 2016, cikin Linux 4.9, wani mai aikin kanel, Andy Lutomirski, ya sa aka kafa shafin gadi a bakin filin. Yanzu wanda ya tsallake iyaka, nan take kanel ke kama shi, da jerin ayyukan da suka kai shi can.